Zafin Kwamfuta Bayan Sabunta Manhaja: A Ina Gizo Ke Saƙar?

Ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da babbar manhajar nan tasa mai suna Windows 10, in ban da ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Wannan al'amari ya sa ma'aikatu da makarantu da ɗaiɗaikun mutane a ko'ina cikin duniya suka shiga ƙaura zuwa Windows 11, wadda aka fito da ita tun cikin 2021. Daga cikin koke-koken da akan ji bayan irin wannan sabuntawa, akwai guda wanda ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su fahimce shi sosai, domin yana iya cin kuɗi, yana kuma iya cin aikin da aka daɗe ana wahala a kansa. Watau kwamfutar da jiya take lafiya lau, yau ta wayi gari da zafi kamar dutsen guga, fankarta tana ta kuka ba fasawa. Ko kuwa fankar ta yi tsit alhali jikin na'urar yana ƙuna. Ko kuma aiki ya yi mata nauyi, har buɗe takarda guda sai mutum ya gaji da jira.

Abin da mafi yawan mutane kan yi shi ne su ɗora wa sabuwar manhaja laifi dungum, su ruga wurin mai gyara. Wani lokaci sun yi daidai. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, kuma wanda bai san yadda aka shirya tsaron zafi a cikin na'urarsa ba, ba zai iya bambanta jakin da taikin ba.

MASU GADI UKU

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masana ke kira furosesa, 'yar falle ce ta silikon da ba ta wuce farcen babban yatsa da yawa ba. A cikinta akwai dubban miliyoyin ƙananan makunnai, suna aiki bisa bugun wani agogo mai bugawa sau miliyan dubu biyu, uku, har fiye da huɗu a cikin daƙiƙa guda. Duk wutar lantarkin da ta sha, zafi take komawa. Irin wadda ake sa wa kwamfutar cinya ta aikin ofis takan ci wajen wat 15, manyan kuwa wat 45 ko fiye. Wannan ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da murhun lantarki, amma a tuna cewa a ɗan wuri kamar farce yake taruwa. Don haka ake shafa mata wani irin mai, a ɗora bututun tagulla a kanta, mai ɗan ruwa a ciki, wanda yake kwashe zafin ya kai shi ga wasu siraran faranta, inda fanka take hura shi waje.

Masu lura da wannan aiki hawa uku ne, kamar dai yadda ake da matakai a ma'aikata. Na farko yana cikin ƙwaƙwalwar kanta. Tun zamanin Pentium 4, a shekarar 2000, kamfanin Intel ya gina wata dabara a cikin furosesa wadda take rage gudu da zarar zafi ya kai iyaka. A yawancin na Intel iyakar tana wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Jerin Ryzen 7000 na kamfanin AMD kuwa an tsara yawancinsu su tsaya a digiri 95. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai na'urar ta kashe kanta ɗif. Wannan mai gadi ba ya jiran umurnin Windows, saboda haka da wuya ƙwarai furosesa ta zamani ta ƙone don an sabunta manhaja. Mai karatu ya riƙe wannan, zai rage masa fargaba.

Na biyu shi ne wani ɗan ƙaramin kwakwalwa a kan allon na'urar, tare da manhajar nan ta asali da ake kira BIOS. Shi ne yake riƙe da jadawalin fanka: in zafi ya kai kaza, a juya ta da gudu kaza. Na uku kuwa, wanda shi ne abin maganarmu, yana zaune a cikin babbar manhaja. A nan ake samun tsarin Intel da dā ake kira DPTF, daga baya aka koma kiransa Dynamic Tuning. Da manhajojin masu ƙera na'urori, irin su Lenovo Vantage da Dell Power Manager da Armoury Crate na Asus. Da kuma waɗanda mutum ke ɗorawa da kansa, kamar Fan Control da ThrottleStop.

Duk waɗannan na hawa na uku ba su iya magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. Sai ta bakin wata 'yar manhaja da ake kira direba, ko da yake aikinta ya fi kama da na tafinta. To, babbar sabuntawa tamkar zuwan sabon shugaba ce a ma'aikata: yakan zo da nasa mutanen. Windows tana iya cire direban da mai ƙera na'urar ya zuba, ta maye gurbinsa da nata na gama-gari. Tana iya mayar da tsarin shan wuta yadda yake tun fil azal, ta shafe abin da mai na'ura ya zaɓa. Tana iya hana wani tsohon direba shiga sam. Har wa yau, akan turo sabuwar BIOS ta wannan hanya ta Windows Update, watau ke nan sabuntawar tana iya taɓa mai gadi na biyu ma.

Wannan ba zato ba ne, ya faru ga manyan kamfanoni da na'urorinsu na kansu. Cikin watan Agusta na 2019, masu kwamfutocin Surface Pro 6 da Surface Book 2, waɗanda Microsoft ce da kanta take ƙerawa, suka ga gudun na'urorinsu ya faɗo zuwa megahaz 400, abin da bai kai rubu'in gudun da suka saba ba. Akwai wata alama da ake kira BD PROCHOT, wadda ta cikinta wani sashe na na'ura yake iya yi wa furosesa ihu cewa wuri ya yi zafi, ta sassauta. Wannan alama ce ta maƙale a kunne alhali babu wani zafi. Microsoft ta amsa cewa akwai matsalar, ta kuma gyara ta da wata sabuntawa. Shekara guda kafin nan, cikin Yuli 2018, kamfanin Apple ya nemi afuwa game da sabuwar MacBook Pro, wadda take rage gudu fiye da kima idan aiki ya yi tsanani. Ya ce wani mabuɗi ne ya ɓace a cikin manhajar asali mai kula da zafi, ya kuma fitar da gyara a 'yan kwanaki. A duka biyun babu ƙarfen da ya lalace. Da wani ya kai tasa an kwance, da ya yi asarar kuɗinsa a banza.

A FARA DA AUNAWA

Abu na farko shi ne haƙuri na kwana ɗaya ko biyu. Bayan babbar sabuntawa, Windows takan yi ta aikace-aikace a ɓoye: tana sake lissafa takardun da ke cikin na'ura don saukin bincike, tana ƙarasa zuba gyare-gyare, mai tsaronta yana bin komai yana dubawa. Haka ma kwamfutar Apple take yi. Wannan zafi na aiki ne, yakan wuce idan aka bar na'urar a jone da wuta, a kan tebur, ta gama abin da take yi.

Idan bai wuce ba, sai a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. Abu biyu ake dubawa: kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin furosesa ake ci, da kuma gudun da take yi. A haɗa da wata manhajar aunawa, alal misali HWiNFO, wadda take nuna digirin zafi, ta kuma faɗa ko an rage gudu saboda shi. Daga waɗannan alƙaluma uku ake gane inda aka dosa.

In an ga ana cin kashi 80 ko 90 alhali mutum bai buɗe komai ba, to ba manhajar zafi ba ce da laifi. Wani abu ne yake ba ƙwaƙwalwar wahala, kuma sunansa yana nan a saman jerin. In kuwa aikin da ake ci bai wuce kashi 5 ba amma zafi yana digiri 80 ko 90, to ko dai fanka ba ta samun umurni, ko iska ba ta fita. Na ukun shi ne mai rikitarwa: na'ura da sanyinta, digiri 45 ko 50, amma gudu ya kafe a gigahaz 0.4 ko 0.8. Wannan ita ce irin cutar Surface, ana tsoron zafin da babu shi. Kafin a zargi manhaja a nan, a gwada wata caja. Wasu kamfanoni, kamar Dell, sun shirya na'urorinsu su rage gudu idan ba su gane cajar da aka jona musu ba, mu kuwa da yawanmu kwamfutocin gwanjo muke riƙe da su, da cajar da aka tsinto daban.

A yi hattara da alƙaluman ma, domin ma'auni yana iya yaudara. A 2017, furosesoshin Ryzen 7 1700X da 1800X suna bayar da rahoton zafi da ƙarin digiri 20 bisa na gaskiya, da gangan, don fanka ta tashi da wuri. Manhajar da ba ta san da wannan ƙari ba sai ta tsorata mai ita. Tsohuwar manhajar aunawa a kan sabuwar Windows tana iya nuna sifiri, ko wani adadi na hauka. A sabunta ma'aunin tukuna, sa'an nan a yarda da shi.

Idan alamu sun nuna direba ne, sai a buɗe Device Manager, a duba ƙarƙashin System devices ko akwai wanda aka liƙa wa alama rawaya. A shafin kowane direba akwai maɓallin Roll Back Driver, mai mayar da na dā, in har Windows ta ajiye shi. In ba ta ajiye ba, sai a tafi shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a nema da lambar samfurinta da ke rubuce a ƙarƙashinta. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ɗauko ko wane direba mai irin sunan. Jadawalin zafi kuwa ɗinki ne da aka yi daidai jikin kowace na'ura, gwargwadon girman fankarta da kaurin bututunta da inda batirinta yake. Rigar wani ba ta zama wa wani. Bayan an zuba, a buɗe manhajar mai ƙerawa a tabbata ba a koma kan tsarin shiru ba, wanda yake danne fanka, ko tsarin gudu tsantsa, wanda yake sakin wuta.

Akwai kuma ƙofar komawa baya, amma tana da wa'adi. Bayan babbar sabuntawa, Windows takan ajiye tsohuwar manhaja kwana 10 kacal. Cikin waɗannan kwanaki ana iya komawa ta Settings, System, Recovery. Ƙananan sabuntawa na wata-wata ana cire su ta Update history, kuma ana iya dakatar da zuwan sababbi har mako 5. Wannan jinkiri ne don a sami gyara, ba mazauni ba.

LABARIN WINRING0

Inda al'amarin ya fi sarƙaƙiya shi ne wurin manhajojin da mutum ke ɗorawa da kansa, kuma abin da ya faru a 2025 ya isa misali. Cikin watan Maris na wannan shekara, mai tsaron Windows, watau Microsoft Defender, ya fara kama wani direba mai suna WinRing0 yana kulle shi a matsayin kayan ɓarna. Nan da nan manhajoji da dama masu juya fanka ko auna zafi suka makance, cikinsu har da Fan Control da LibreHardwareMonitor da OpenRGB. Wasu mutane suka ji fankokinsu sun tashi da ƙarfi duka, domin mai ba su umurni ya daina ganin ma'auni.

Wani masani ɗan ƙasar Japan, Noriyuki Miyazaki, wanda ya rubuta manhajar CrystalDiskMark, shi ne ya fitar da WinRing0 a 2007, ya kuma daina kula da shi shekaru da yawa da suka wuce. Sunan yana nuni ne ga zobe na sifiri, watau can ƙuryar babbar manhaja. In an ɗauki kwamfuta a matsayin gida, manhajoji na yau da kullum a zaure suke tsayawa, zobe na sifiri kuwa turakar maigida ce. Wannan direba yana da izinin shiga turaka, da sa hannun da Windows ta yarda da shi, shi ya sa masu rubuta manhajar fanka suka yi ta aron sa, har da manyan kamfanoni. Aibinsa shi ne ba ya tambayar wanda ya aiko shi. Kowa ya ce ya buɗe ƙofa sai ya buɗe. An rubuta wannan rauni a kundin raunukan manhaja na duniya tun 2020, da lamba CVE-2020-14979. Toshe ramin ba shi ne mai wuya ba. Samun sabon sa hannun Microsoft shi ne yake bukatar kamfani mai rajista da kuɗi, masu waɗannan manhajoji kuwa galibi 'yan sa kai ne.

Nan fa shawarwari suka yi yawa: a gaya wa Defender ya kau da kai, a kashe Memory integrity, a kashe jerin direbobin da Microsoft ta haramta, wanda yake a kunne tun fitowar Windows 11 ta 2022. A ganina wannan gudun gara ne a faɗa wa zago, musamman a kan kwamfutar gwamnati mai ɗauke da takardun albashi ko sakamakon jarrabawa. Cikin Nuwamba 2024 kamfanin tsaro na Kaspersky ya ba da labarin wata muguwar manhaja mai suna SteelFox, wadda take ɓuya a cikin kayan fasa makullin manhajoji masu tsada, irin su AutoCAD. Da WinRing0 take shiga turaka, ta saci bayanan katin banki, ta kuma sa furosesa haƙar kuɗin intanet dare da rana don amfanin ɓarawon. Ɗalibanmu na injiniya da na zanen gini, waɗanda tsadar manhaja kan tura ga irin waɗannan kayan fashi, su lura da abin mamakin da ke nan: alamar farko ta wannan haƙa ita ce zafi da kukan fanka. Ashe direban da aka ɗauko don sanyaya na'ura yana iya zama ƙofar abin da zai dafa ta.

Mafita ta zo daga baya cikin 2025, sa'ad da Fan Control da LibreHardwareMonitor suka koma kan wani sabon direba mai suna PawnIO, wanda aka tsara shi ya taƙaita abin da ake iya aikatawa ta hannunsa. Saboda haka wanda irin wannan manhaja ta mutu masa, abin yi shi ne ya cire tsohuwar sarai, ya sake kunna na'ura don BIOS ta karɓi ragamar fanka, sa'an nan ya ɗauko sabon fitowa daga ainihin shafin masu ita. In babu sabon fitowa, ya haƙura da ita.

Masu rage wa furosesa ƙarfin wuta da ThrottleStop don ta yi sanyi su ma sun gamu da nasu. Cikin Disamba 2019 masu bincike suka bayyana wani rauni da suka sa wa suna Plundervolt, inda ake wasa da ƙarfin wutar a saci asiri daga ƙwaƙwalwar Intel. Kamfanoni da yawa suka kulle wannan dama ta hanyar sabunta BIOS. Wanda ya dogara da dabarar sai ya ga zafi ya dawo rana ɗaya, ba tare da ya taɓa komai ba. Akwai wata hanya mai sauƙi da ba ta bukatar wani direba: a cikin tsarin shan wuta na Windows, a rage Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A na'urori da yawa wannan yana hana ƙwaƙwalwar yin sukuwar nan da ake kira Turbo, zafi ya sauka sosai, mai buga wasiƙa da lissafin kasafi kuwa da ƙyar zai ji bambanci. Amma masu cewa a tumɓuke Dynamic Tuning gaba ɗaya don a sami gudu, garin neman gira za su rasa ido. Ba furosesa kaɗai yake karewa ba, har da batir da kuma cinyar mai na'ura.

Ɗaliban da ke aiki da Linux su sani cewa tasu ba ta tsira ba. A can thermald ne yake wannan aiki a na'urorin Intel, umurnin sensors kuma yake nuna zafi. Idan abu ya rikice bayan sabunta cibiyar manhajar, ana iya zaɓar tsohuwar cibiya daga jerin GRUB a lokacin kunnawa, a gani ko matsalar ta bi ta. A kwamfutar Apple kuwa, in an ga kernel_task ya cinye ƙarfin furosesa, kada a nemi kashe shi. Kamfanin ya bayyana cewa da gangan yake tare wuri don ya hana sauran manhajoji ƙara zafi.

ƘURA DA BAZARA

Saura abin da ya shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera na'urorin. Apple ya rubuta cewa kwamfutocinsa na cinya su yi aiki ne a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 35, sauran kamfanoni ma galibi a 35 ɗin suke tsayawa. A Sakkwato da Maiduguri da Kano, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, ofis ko ɗakin kwanan ɗalibai kuma ba kullum ake samun wuta ba balle na'urar sanyaya ɗaki. Kafin bazarar ta zo, hunturu ya riga ya cusa ƙura tsakanin farantan da iska ke bi, har takan dunƙule kamar auduga. Man da aka shafa wa furosesa shi ma yakan bushe bayan 'yan shekaru, kwamfutar gwanjo kuwa ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa.

Irin wannan na'ura tana iya lallaɓawa watanni tana buga wasiƙu ba wanda ya lura. Ranar da aka ɗora mata sa'o'i na aikin sabuntawa sai asirinta ya tonu, a ce Windows 11 ce. Akwai gwaji mai sauƙi na raba gardama. A sake kunna na'urar a shiga shafin BIOS, kafin Windows ta tashi, a bar ta nan minti goma. A sa hannu a bakin mafitar iska. In fanka tana kuka amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, hanya ta toshe. In fankar ba ta motsa ba sam alhali na'urar ta ɗumama sosai, mai yiwuwa ita ce ta mutu. Tun da Windows ba ta cikin wannan gwaji, ba ta da hannu a abin da aka gani, aikin ya zama na mai gyara: ya buɗe, ya share, ya sake shafa mai. In kuwa a nan komai lafiya, sai an shiga Windows ne zafi yake tashi, to a koma kan direba.

Ma'aikatar da ke da kwamfutoci iri ɗaya da yawa, ya kamata sashenta na kula da na'urori ya gwada kowace babbar sabuntawa a kan guda ɗaya na mako guda kafin a sake ta ga saura, ya kuma ajiye direbobin mai ƙerawa a wuri guda. Ma'aikacin da zai kai ƙara ya rubuta ranar da aka sabunta, da digirin zafi, da gudun da ya gani, da sunan abin da ke saman jeri a Task Manager. Wannan 'yar takarda takan rage wa mai gyara yini guda na lalube. Idan kuma bincike ya kai ga cewa sai an sabunta BIOS, kada a fara sai batir ya cika, caja tana jone, an kuma kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri, domin in wuta ta yanke a tsakiyar wannan aiki, na'urar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.